Gidan dala 131 a Italiya da kangon kakanmu a Birni



A shirinmu na daren Larabar da ta wuce, saura minti uku mu rufe, wani matashi ya bugo waya daga Garin Malam. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce: "Babban yaya, don Allah wai gaskiya ne a Italiya ana saida gida euro ɗaya? Na gani a TikTok, kuma akwai wanda ya ce zai buɗe mini dosiye." Na ce masa eh, gaskiya ne ana saidawa, amma... Ban kai ga ƙarasa "amma" ɗin ba mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu, lokaci ya cika. Na koma gida da abin a raina, don na bar yaron nan da rabin amsa, kuma rabin da ya fi daɗin ji na bar masa. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika mini WhatsApp, kusan duka tambaya guda: ta ina ake bi? To ga sauran amsar, tunda a nan babu mai ɗaga mini hannu.

Euro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. A lissafinmu na kasuwar Dole, dala 131 ke nan. Ko jika guda bai kai ba. Duk wanda ke biyan haya ƙarshen wata, in ya ji an ce da wannan kuɗin zai mallaki gida mai bene a ƙasar Turawa, dole zuciyarsa ta motsa. Ni ma da na fara jin labarin sai da tawa ta motsa, ba zan ɓoye muku ba.

Kuma labarin ba ƙarya ba ne. A shekarar 2008 magajin garin Salemi da ke tsibirin Sisiliya, Vittorio Sgarbi, ya fito da shawarar a saida tsofaffin gidajen garin a kan euro ɗaya. Girgizar ƙasa ta 1968 ta lalata yankin, mutane sun watse, gidajen tsakiyar gari sun zama kangaye. Daga baya wasu garuruwa suka kwaikwaya, irin su Gangi da Musomeli. Wanda ya fi yin suna shi ne Sambuka, a 2019, da ya sa gidaje 16 a gwanjo, farashin farawa euro ɗaya. Abin da ya ba ni sha'awa da garin nan, a tarihinsu Larabawa Musulmi ne suka kafa shi, kuma har yau akwai wata tsohuwar unguwa mai ƙananan lunguna da ake dangantawa da su. Da na ga hotunan sai da na ce kai, wannan ai lungunan Birni ne aka yi da dutse.

Sai dai masu bidiyo ba sa karanta muku ƙasan takarda. A Sambuka ɗin nan, euro ɗaya farkon ciniki ne kawai, gwanjo ne, kuma gidajen sun tashi a kan dubban euro. Wanda ya ci gwanjo sai ya ajiye kosiyon na euro 5,000, wato miliyan 3 da jika 280 na kuɗinmu, ba a mayar masa sai ya gama gyara. Gyaran kuma dole a kammala shi cikin shekara uku, kuma a kashe aƙalla euro 15,000, kusan miliyan 10 ke nan. Ba a sa kuɗin noter ba, ba a sa haraji ba, ba a sa mai zanen gini ba, ba a sa jirgin zuwa da dawowa ba. Kafin ka kwana dare ɗaya a gidanka na dala 131 ka zubar da abin da ya haura miliyan 13. Ku da kanku ku faɗa mini abin da miliyan 13 ke yi wa mutum a nan Damagaram.

Me ya sa suke yi? Ba sadaka ba ce. Garuruwan nan mutuwa suke. Matasa sun tafi Milan, sun tafi Jamus, sun tafi Amurka tun zamanin kakanni. Haihuwa ta ja baya, lakwal na rufewa don babu yara, mai gidan burodi ya rufe don babu mai saye. Magajin gari yana kallon rufin gida zai faɗo wa mai wucewa, mai gidan kuma ba a san duniyar da yake ba. Abin da suke nema shi ne baƙo mai aljihu, wanda zai zo ya ba magina aiki, ya biya haraji, ya sha kofi a dandali. Gidan ƙugiya ce, kuɗin gyaran shi ne kifin. Haka abin yake a Japan, inda ƙidayar 2023 ta nuna gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki. Suna ce musu akiya, kuma ƙananan hukumomi na da rajistarsu, wasu ma kyauta ake bayarwa ga wanda zai zauna.

Yanzu ga inda nake son ƙanena na Garin Malam ya buɗe kunne da kyau. Sayen gida a Italiya bai ba ka izinin zama a Italiya. A Japan ma haka. Takardar gida daban, takardar sejur daban. Ba'amurken da kuke gani a bidiyo yana fenti yana dariya, paspor ɗinsa na ba shi damar shiga babu biza, ya yi kwana 90 cikin kowane kwana 180, ya koma gida, ya sake dawowa. Kai mai paspor ɗin Nijar, kuɗin ajiye dosiyen biza kaɗai euro 90 ne, jika 59, wato kuɗin gidan sau 90, kuma in aka hana ka ba a mayar maka ko dala. Akwai wata biza ta masu son zama dindindin ba tare da aiki ba, amma sai ka nuna kana da kuɗin shiga na kusan euro 31,000 a shekara, sama da miliyan 20, kuma ba na albashi ba, na fansho ko hayar gidaje ko makamancinsu. Wanda ke da wannan a Damagaram ai ba shi ne zai bugo mini waya ƙarfe goma na dare da ragowar kiredi ba.

Akwai ƴan uwanmu baƙar fata a Sisiliya, da yawa ma. Amma ba a gidajen euro ɗaya suke ba. A Kampobelo di Mazara, da ba ta da nisa da Salemi, ƴan Afirka ta Yamma ne ke tsinkar zaitun duk kaka, suna kwana a bukkokin leda da katako. A 2021 gobara ta tashi a sansaninsu har aka rasa rai. Ga gidaje a rufe babu kowa, ga mutane a waje babu gida, tafiyar ƙasa da awa guda a mota tsakaninsu. Magajin gari guda da ya yi suna wajen haɗa biyun shi ne Domenico Lucano na Riyace, a yankin Kalabiriya, wanda ya riƙa zaunar da baƙin haure a gidajen da aka bari. An kama shi a 2018, a 2021 kotu ta yanke masa shekara 13, sai a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke galibin hukuncin. Mutanensa sun sake zaɓensa a 2024. Wannan ɗan ƙasa ne, mai muƙami, ya sha wannan wuyar. To ina ga kai da ka sauka daga kwalekwale?

Shi kuwa mai buɗe dosiye, cikin saƙonnin da na samu akwai wanda ya ce jika 150 aka nema a wurinsa na "rajista". Ɗan uwa, riƙe kuɗinka. Garuruwan da ke wannan ciniki a shafin mairi ɗinsu suke sa sanarwa, kuma a gaban noter ake sa hannu, can a ƙasarsu. Ba su da wakili a tashar mota, ba su da wakili a WhatsApp. Mu mutanen wannan jiha mun san abin da zancen "can akwai" ya ja mana. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Allah Ya jiƙansu. Su ma wani ne ya faɗa musu akwai hanya.

To, na gama da Italiya. Abin da ya hana ni barci a daren nan ba Italiya ba ne.

Washegari da la'asar na je gaida wata gwaggona a Birni. Na ajiye babur a bakin titi na shiga da ƙafa, tunda lungun ba ya ɗaukar abin hawa. Daga bakin lungun zuwa ƙofarta na ƙirga gida huɗu da babu mai kwana a cikinsu. Ɗaya an sa kwaɗo ya yi tsatsa. Ɗaya zauren ya rufta, azarori sun fito waje kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Ɗaya awaki sun mai da shi nasu. Na huɗun har yanzu ana ganin zanen da magini ya yi a goshin ƙofar, da zankwaye biyu a sama, na ukun ya karye, amma ciki ya zama juji, ledoji da toka da abin da ba a faɗa. Na tsaya ina kallo sai na ji kunya ta kama ni. Jiya na kwana ina bincike a kan kangayen Sisiliya, ga namu ina wuce su tun ina yaro ban taɓa yin shiri guda a kansu ba.

Kuma waɗannan ba gidajen banza ba ne. Birnin nan Sarki Tanimun ne ya kewaye shi da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ayarin Tarabulus da Ghat da Agadas ke sauke kaya a Zango kafin su wuce Kano. Attajirai irin su Malam Yaro a wannan ƙasar suka yi gini, da wannan jar ƙasar. Nasara sun kama garin a 1899, suka mai da shi babban birnin mulkinsu na Nijar har zuwa 1926 da suka ɗauke zuwa Yamai. Tun 2006 Birni da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO don a sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas ta shiga a 2013. Mu muna nan muna jira, kuma duk damana abin da za mu nuna yana raguwa.

Kowa ya tuna farkon watan Satumba na 2024, ranar da tsohon masallacin Birni ya rushe bayan ruwan sama. Bidiyon ya zaga duniya, har gidajen rediyon waje sun ɗauka. Mun yi salati, mun yi jimami, kuma ya cancanta, masallaci ne da ya haura shekara 170 ana sallah a ciki. Amma a damanar nan gidaje nawa suka faɗi a lungunan da ke bayansa babu wanda ya ɗauki hoto? Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Yana son a yaɓe shi kafin ruwa ya sauka, a duba indararo, a toshe ramin gara, a cire ciyawar da ta tsiro a kan soro. Mai kwana a ɗaki shi ke ganin ɗigon farko ya tashi ya nemi magini. In babu mai kwana, ɗigon farko ya zama rami, rami ya jiƙa azara, azara ta ruɓe, shekara uku huɗu sai ka ji an ce "gidan su wane ya faɗi". Ba ruwa ne ya kada shi ba, rashin mutum ne.

Bari in fara da kaina, kada a ce na zo tonon asirin wasu. Gida na biyun da na ambata, mai ruftaccen zaure, na kakanmu ne. Ya rasu ina ƙaramin aji a lakwal. Ya bar ƴaƴa goma sha ɗaya daga mata uku. Ba a raba gado ba, don a lokacin an ce abin kunya ne a saida gidan uba, kuma kakarmu ta ƙarshe tana ciki. Da ta rasu aka rufe. Yau cikin sha ɗayan nan biyar sun bi shi, kowane ya bar nasa ƴaƴan. Ranar da na zauna da bik da takarda na ƙirga masu haƙƙi a gidan, na wuce arba'in ban gama ba. Akwai na Yamai, akwai na Kano, akwai na Agadas, akwai wanda ya shiga Libiya shekara tara ba a ji ɗuriyarsa ba. Wani kawuna ya taɓa cewa zai gyara ɗaki biyu ya sa ɗansa, sai aka ce so yake ya cinye gidan. Ya yi fushi ya janye. Wani ya kawo mai saye, aka ce ba za a saida tushe ba. Duk wanda ya ce ba za a saida ba, ban ga ranar da ya aiko da ko jika biyar na yaɓe ba. Ni ma ban aika ba.

Na tabbata da yawanku kuna karantawa kuna cewa ai gidanmu yake faɗi. Haka ne, don labarin guda ne daga Birni har Zango. Kowa na da haƙƙin ya hana, babu wanda ke da nauyin ya gyara.

Abin da ya ba ni mamaki, Turawan ma ciwon nan ne ke damunsu. A wani gari da ake kira Patirika, kudu da Roma, magajin gari ya so ya yi irin na Sambuka, abin ya gagara, saboda doka ta ce sai kowane magaji ya yarda, magadan kuwa wasu suna Amurka, wasu ba sa ga maciji da juna. A Japan abin ya kai ga gwamnati ta yi doka: daga watan Afrilu na 2024, duk wanda ya gaji gida ko fili dole ya yi masa rajista da sunansa cikin shekara uku, in ba haka ba a ci shi tara. Ashe rigimar ƴan uba ba mu kaɗai Allah Ya jarraba da ita ba. Garuruwan da cinikin ya yi nasara kuwa, ba arhar ce sirrin ba. Abu biyu suka yi: suka warware wane ne mai gidan, sannan suka ɗaura wa mai shiga igiyar gyara da wa'adi a rubuce.

Kuma mu muna da abin da su suke nema ido rufe, wato mutane. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da miliyan 3 da rabi. Ɗaliban Jami'ar André Salifou suna cunkushe huɗu biyar a ɗaki guda. Malaman lakwal ƴan kwantaragi da aka turo daga wasu jihohi rabin abin da suke samu a haya yake tafiya. Saurayi ya kai shekara talatin da aurensa a baki, ɗaki ya hana. Su gidaje ne babu mutane. Mu ga mutane, ga gidaje, ga kwaɗo a tsakani.

Shawarata ba sabuwa ba ce, iyayenmu sun san ta, "zauna ka riƙe mana gida". Abin da nake cewa a ƙara shi ne takarda. Magada su wakilta mutum biyu ko uku. A samu mai buƙata, a kira magini na gargajiya ya duba gidan ya faɗi abin da gyaransa zai ci. A rubuta: wane zai zauna shekara kaza, bakwai ko goma gwargwadon abin da zai kashe, ba zai biya haya ba, amma zai tada abin da ya faɗi cikin shekara biyu, zai yi yaɓe duk shekara kafin damana, ba zai rushe zaure ko zanen ƙofa ba, kuma gida na magada ne, ranar da wa'adi ya cika ko a sabunta ko ya miƙa makulli. A sa hannu gaban mai unguwa da liman da shaidu, a kai kofi guda fada, guda mairi. Dokar ƙasarmu ta ba sarakunan gargajiya hurumin yin sulhu a irin waɗannan al'amura, kuma babu wanda ya san gidan wane ne wane a Birni kamar masu unguwanni. Da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da mairi za su sa a bi lungu lungu a rubuta gidajen da ke rufe da sunan wanda za a tuntuɓa a kowane, da an yi rabin aikin. Wannan ba ya buƙatar tallafin wata ƙungiyar waje, littafi ne da bik da mutum biyu masu ƙafa.

Na san abin da dattawa za su ce, don gwaggona ta riga ta faɗa mini: "Ɗana, aro shi ke zama gado. Ka sa mutum a gida, bayan shekara ashirin ƴaƴansa su ce a nan aka yanke musu cibi." Tana da gaskiya, an yi haka ba sau ɗaya ba, kuma shari'o'in na nan. Amma in kuka bincika, duk inda aka yi haka da baki aka yi maganar, shaidun kuma sun mutu. Shi ya sa nake nanata takarda da wa'adi. Na kuma tambaye ta: Gwaggo, tsoron kada baƙo ya cinye gidan ya sa muka rufe, to yanzu wa ya cinye shi? Ta yi shiru, can ta ce in sha ruwa.

Matasa kuma nasu zancen daban. Wani abokina da muka yi lise tare ya ce mini: "Kai ma ka sani babu yarinyar da za ta yarda a kai ta gidan ƙasa a Birni." A nan dole in sassauta murya, don ni mai wannan dogon rubutun a gidan siminti nake haya, can bayan gari, rufin kwano, watan Afrilu in ka shiga ɗakin da rana kamar an sa ka a tanda. Na san Birni na da nata wahala. Lungu ba ya shigar mota, mara lafiya sai an ɗauko shi a hannu zuwa titi. Duwatsun nan da muke alfahari da su suna sa haƙa masai ya zama aiki. Ruwa kuwa duk garin ne ke kuka, daga Gogo da Macaya aka koma Arunguza aka kai Ganaram, har yau watan zafi bido ne a layi. Ba zan ce wa kowa zaman can aljanna ba ne. Amma wanda ya yarda zai tafi ƙauyen da bai san harshensu ba, kan dutse, cikin sanyin da bai taɓa ji ba, ya gyara kangon wani Bature da hannunsa, bai kamata ya ce mini lungun Birni ya fi ƙarfinsa ba.

Akwai kuma abin da aka zuba mana a kai tun muna yara. A lakwal, in aka zana gida a littafin karatu, mai jan rufi ne da bututun hayaƙi, irin wanda babu shi ko ɗaya a garin nan. A takardun hukuma gidan siminti shi ne "an dur", mai ƙarfi, na dindindin, namu kuwa "banko", kamar wani abu na wucin gadi kafin a samu hali. Mun taso muna ganin ranar da mutum ya rushe soron ubansa ya sa bulo ita ce ranar da ya ci gaba. Har magini ya zama "mason", wanda ya iya tubali da makuba kuma ƴaƴansa sun koma kabu-kabu. Alhali soron ƙasa mai kaurin bango, wanda duk ya taɓa yin ƙailula a cikinsa watan azumi ya san abin da nake nufi, ba ya neman kura balle a ɗauke. In gidaje ashirin kacal suka shiga irin yarjejeniyar da na faɗa, maginan da suka rage sun samu aikin da za su koya wa yara, kafin su tafi da sanin.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Ku riƙa taɓo zancen nan a huɗuba. Rabon gado ba rashin kunya ba ne, umarni ne, kuma jinkirta shi shekara talatin yana nufin akwai marayu da zawarawa da haƙƙinsu ke narkewa a ruwan sama. Cikin arba'in ɗin gidanmu akwai wadda ke saida ƙosai tana biyan hayar ɗaki guda da ƴaƴa biyar, alhali tana da rabo a gida mai ɗaki tara. In dangi ba sa son gida ya fita hannunsu, fiƙihunmu na Malikiyya ya tanadi shufu'a, abokin tarayya shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan uwansa kafin bare. In kuma suna son sunan kaka ya ɗore, ga hubusi, a mai da shi makaranta ko masaukin ɗalibai, ladan na isa gare shi. Ƙofofi na nan. Wadda muka zaɓa, ta a rufe a jira ya faɗi sannan a saida filin a raba kuɗin ana zage-zage, ita ce babu ita a kowane littafi.

Ƴan uwana na bida, na Tamanrasat da Sabha da Legas da Abijan da masu sanyi a Turai, kada ku ɗauka da ku nake. Ban taɓa zagin wanda ya fita nema ba, rabin gidajen simintin da ke bayan gari guminku ne, kuma buhun hatsin gidaje da yawa daga hannunku yake fitowa. Amma ku ne kuka fi yawa cikin masu cewa "kada a taɓa sai na dawo". In an kira ku a kan gidan gado, ku ɗauki waya. Ku wakilta wani. Murya guda ta minti ɗaya a WhatsApp, gaban shaidu, tana iya buɗe ƙofar da ta shekara goma a rufe.

Ƙanena na Garin Malam ya sake kirana ranar Asabar. Bai ba da jika 150 ɗin ba, alhamdu lillahi, ashe ma rabi ya tara. Tela ne, yana da keke biyu, aure yake so bayan Sallah, ɗaki ne babu. Na ce masa ya ba ni wata guda. Na buɗe wa zuri'ar kakanmu gurup, na sa mutum talatin da ɗaya da na samu lambarsu, na tura musu hoton zauren yadda yake yau ba tare da na ce komai ba. Mutum shida sun turo alamar kuka. Ɗaya ya fita daga gurup ɗin. Kawuna na Kano ya ce a bari sai ya zo, na ce masa Kawu, ruwa ba zai jira ka ba, ka faɗi rana. Ya ce Juma'a ta sama.

Laraba mai zuwa, in Allah Ya kai mu, shirin gaba ɗaya a kan wannan ne. Na gayyaci wani dattijon magini da wani malamin fiƙihu, kuma za mu buɗe layi tun farko, ba saura minti uku ba. Mai gidan gado a rufe a Birni ko Zango, da mai neman inda zai zauna ya gyara, ku rubuto a ƙarƙashin wannan rubutun ko ku bugo. Ku faɗi unguwa kawai, kada ku kama sunan kowa.